Mai gadin da ya ƙi komawa mazauninsa: abin da firgici ke yi wa ƙwaƙwalwa bayan tashin hankali

Ku ɗauki misalin ɗan kasuwa a Kantin Kwari, da rana tsaka, yana auna wa mai saye yadi biyar na shadda. Tayar wata babbar mota ta fashe a bakin titi. Kowa a layin ya zabura, wani ya yi salati, wani ya leƙa ya ga abin da ya faru, kafin minti biyu an koma ciniki. Shi kuwa almakashi ya suɓuce daga hannunsa, ya tsinci kansa a durƙushe bayan tulin atamfofi, ƙirjinsa na dukan uku-uku, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hancinsa na jin ƙaurin hayaƙin da babu shi. Yaron shago ya ce, "Alhaji, taya ce fa." Ya san taya ce. Amma sai bayan la'asar jikinsa zai yarda, da daddare kuma ƙaramin ɗansa zai ɓarar da kofin shayi ya sha tsawar da ta fi ƙarfin laifinsa.

A ce mutumin nan yana cikin sahu a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni ranar 28 ga Nuwamba, 2014, lokacin da bama-bamai da harsasai suka hallaka mutum fiye da 100. Shekaru sun wuce, raunin ƙafarsa ya warke, amma wani sashe na ƙwaƙwalwarsa bai samu labarin cewa ranar ta wuce ba. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, wato firgicin da ke zama a jikin mutum bayan ya tsallake mummunan tashin hankali.

Kano ta ga irin waɗannan ranaku. Akwai hare-haren 20 ga Janairu, 2012, da suka ci rai aƙalla 185, da na tashar motar New Road a Sabon Gari cikin Maris 2013, da gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016. Amma mafi yawan masu wannan larura ba bam ne ya jawo musu ba. Hatsarin mota a hanyar Zariya, wuƙar mai ƙwacen waya a cikin adaidaita sahu, faɗan daba a ƙofar gida, zama a hannun masu garkuwa, fyaɗe, duka a gidan aure, naƙudar da mace ta leƙa lahira ta dawo, duk suna iya barin wannan tabo.

Ba kowa ke kamuwa ba, kuma wannan magana tana da muhimmanci don kada a tsorata jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mutane za su gamu da wani mummunan al'amari a rayuwarsu, amma kashi 5.6 cikin 100 na waɗanda suka gamu da shi ne ke kamuwa da ciwon. Rashin barci, faɗuwar gaba da munanan mafarkai a makonnin farko ba cuta ba ne, jiki ne ke ƙoƙarin haɗiye abin da ya gani. Sai alamomin sun haura wata guda, kuma suna hana mutum sana'a, karatu ko zaman iyali, sannan ake kiransa ciwo. Alamomin gida huɗu ne: abin da ya faru yana dawo wa mutum ba da son ransa ba, a farke ko a mafarki, yana gudun duk abin da zai tuna masa, tunaninsa da yanayin zuciyarsa sun canza, yana zargin kansa ko ya daina yarda da kowa, sannan jikinsa kullum a ɗame yake, ga saurin zabura, ga saurin fushi. Wani ma alamomin ba sa cika sai bayan wata shida ko fiye. Tun 1915 likitocin sojan Ingila suka rubuta a kan irin wannan hali a tsakanin mayaƙan Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma sai a 1980, bayan abin da aka gani a jikin tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam, ciwon ya shiga kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da sunansa na yanzu.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Sassa uku suka fi shiga wannan magana. Na farko amigdala, wani ɗan curi da bai wuce girman ƙwallon dabino ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ciki saitin tsakanin ido da kunne. Shi ne mai gadin gida. Aikinsa ya yi kururuwa idan ya hango haɗari, kuma ba ya tsayawa bincike. Na biyu hifokamfas, maƙwabcin amigdala, wanda za a iya kira magatakarda: shi ke sa wa kowane abin tunawa rana da wuri, ya ce wannan a masallaci ya faru, shekara kaza. Na uku sashen da ke bayan goshi, musamman yankinsa na tsakiya daga ƙasa, a saman idanu. Shi ne maigidan da ke fitowa ya duba, ya ce wa mai gadi, "Koma mazauninka, akuya ce ta ture kwano."

Idan ƙara ta shiga kunne, saƙonta yana yada zango a wata tasha mai suna talamus, daga nan ya rabu biyu. Gajeriyar hanya tana kai shi kai tsaye wurin amigdala cikin ɗan ƙanƙanin yanki na sakan, ba cikakken bayani. Doguwar hanya tana bi ta sassan da ke tantance ma'ana, sai ta iso a makare amma da bayani. Masanin nan Joseph LeDoux ne ya fayyace waɗannan hanyoyi a gwaje-gwajensa kan beraye. Shi ya sa mutum ke tsalle kafin ya gane abin da ya taka. Hausawa sun daɗe da lura da haka, da suka ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da zarar mai gadi ya yi ihu, jiki na amsawa hawa biyu. Cikin sakanni, jijiyoyi na aika umarni ga wasu 'yan ƙullutu biyu da ke zaune a kan ƙoda su saki sinadarin adirenalin, wani ƙaramin yanki a gindin ƙwaƙwalwa kuma ya watsa ɗan'uwansa noradirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama, jini ya bar hanji ya koma cinyoyi da damatsa, yawu ya ƙafe. Hawa na biyu ya fi jinkiri: wani yankin ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus ya aika wa fituwitari, ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashinsa, fituwitari ya aika wa ƙullutun kan ƙoda, su saki kotisol, wanda ke kai ƙololuwarsa bayan minti 20 zuwa 30. Mutane sun san kotisol da sunan sinadarin damuwa, amma cikin ayyukansa har da kashe wutar da aka kunna, domin shi ke komawa ƙwaƙwalwa ya ce ya isa haka. Binciken Rachel Yehuda a Amurka ya gano cewa da yawa daga masu wannan ciwo kotisol ɗinsu ƙasa yake da na sauran mutane, ba sama ba, duk da cewa ba kowane bincike ne ya samu hakan ba. Abin da aka fi samun daidaito a kansa shi ne noradirenalin yana yin yawa, kuma yana saurin tashi.

Hotunan aikin ƙwaƙwalwa da aka ɗauka cikin shekaru kusan 30 suna ta maimaita abu guda. Amigdalar mai ciwon tana amsawa fiye da kima, ko da hoton fuskar mai tsoro aka gifta masa. Sashen bayan goshi, wanda ya kamata ya taka mata birki, aikinsa na raguwa daidai lokacin da ake buƙatarsa. Magatakarda kuma ba ya sa kwanan wata yadda ya kamata, don haka abin da ya faru ba ya dawowa a matsayin labari mai farko da ƙarshe. Gutsattsari yake dawowa: wari, ƙara, launin rigar wani, kuma jiki na karɓarsa a matsayin abin da ke faruwa yanzu. A wani bincike na 1996, Scott Rauch da abokan aikinsa sun kunna wa mutum takwas masu ciwon labarin abin da ya same su yayin da ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Sassan tsoro suka ɗau zafi, yankin Broca da ke harhaɗa magana kuma ya yi sanyi. Duk wanda ya taɓa tambayar irin wannan mutum "me ya faru?" ya ga bakinsa na motsi ba kalma, ya ga wannan da idonsa. Ba taurin kai ba ne.

Ana yawan cewa ciwon yana ƙanƙantar da hifokamfas. A matsakaicin lissafi, gaskiya ne na masu ciwon ya ɗan fi ƙanƙanta. Sai dai wani bincike na 2002 a kan tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya je yaƙin Biyetnam ɗaya bai je ba, ya nuna cewa sojojin da ciwon ya yi wa tsanani suna da ƙaramin hifokamfas, haka ma 'yan'uwansu da ba su taɓa jin ƙarar bindiga a fagen fama ba. Ke nan wani ɓangare na bambancin tun asali yake, yana ƙara wa mutum saurin kamuwa ne. Saboda haka kuskure ne a ce wa majiyyaci ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Haka kuma babu hoton kai, na CT ko na MRI, da ke tabbatar da wannan ciwo a jikin mutum guda. Iyalai na kashe maƙudan kuɗi a hoto, a ce musu lafiya lau, su koma gida da tunanin ai sammu ne. Da tambayoyi ake gano shi, wani lokaci da taimakon takarda mai tambaya 20 da ake kira PCL-5, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 80, kuma daga wajen 31 zuwa 33 ake fara zargin ciwon.

Fuska biyu na rashin iya riƙe zuciya

Mafi yawan masu ciwon birkinsu ne ya yi rauni. Ƙaramin abu ya tayar da su, kuma su daɗe ba su sauko ba. Fushin da ake gani a gida yawanci tsoro ne ya sauya riga, domin jikin da ya shirya wa faɗa ko gudu, in ya rasa abin gudu, sai ya faɗa wa wanda ke kusa. Bayan tsawar sai nadama, bayan nadama sai ƙyamar kai, sai mutum ya ƙara janyewa daga iyalinsa don kada ya sake. Rashin barci na ƙara hura wutar, domin sashen bayan goshi yana cikin waɗanda suka fi saurin raunana idan barci ya yi ƙaranci. Wanda mafarki ya tashe shi ƙarfe biyun dare bai koma ba har kiran assalatu, ya shiga cunkoson Ƙofar Nassarawa da birkin da ya riga ya cinye.

Fuska ta biyu ta fi wuyar ganewa, kuma ita ce ta fi damunmu a nan, domin al'adarmu na iya yaba ta bisa kuskure. A wasu mutane birkin ne ke kamewa gaba ɗaya. Sashen bayan goshi yana danne amigdala fiye da kima, sai mutum ya daina jin komai. Yana jin kamar yana kallon kansa daga gefe, ko kamar duniyar ba ta gaske ba ce. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa, bugun 2013, ya ware wa wannan nau'i suna na kansa. Matar da ta ga an sare ɗanta a faɗan daba, ta zauna zaman makoki ido a bushe, sai a ce, "Kai, Hajiya akwai tawakkali." Wata uku bayan nan an miƙa mata jikarta ranar suna, ta karɓa kamar an miƙa mata ƙullin kaya. Ta san ya kamata ta ji daɗi, ba ta ji ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba. Dangana ta gaskiya ba ta hana mutum hawaye, ba ta kuma hana shi murna idan abin murna ya zo. Wannan kuwa ya toshe ƙofar duka biyun.

Wanda aka daɗe ana cutarwa ba hanyar tsira, kamar yaron da ya tashi cikin azaba ko wadda ta yi watanni a daji hannun masu garkuwa, yakan haɗa fuskokin biyu, ga jin cewa shi ba kowa ba ne, ga wahalar amincewa da mutane. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a Janairu 2022 ya ba wannan matsayi na daban. Yara kuma ba sa bayani da baki: sai a ga fitsarin kwance ya dawo, ko yaro ya maƙale wa uwarsa, ko yana ta maimaita abin da ya gani a cikin wasa.

Dalilin da ya sa ciwon ke daɗewa

Ƙwaƙwalwa ba ta goge tsoro. Sabon darasi take rubutawa a kan tsohon: a da wannan ƙara haɗari ce, yanzu a nan ba haɗari ba ce. Sashen bayan goshi da hifokamfas ne ke riƙe sabon darasin. Wani gwaji na 2009 da Mohammed Milad ya jagoranta ya nuna inda gizo ke saƙar. An koya wa mutane tsoron wani haske ta hanyar haɗa shi da ɗan jan lantarki a yatsa, sannan aka yi ta nuna hasken ba lantarki har tsoron ya kwanta. Masu ciwon sun koyi darasin a ranar farko kamar kowa. Washegari ne aka ga bambanci: sauran sun tuna cewa hasken ba komai, su kuwa tsoronsu ya dawo.

Ke nan mai ciwon yana buƙatar maimaici fiye da kowa, gudun abin tsoro kuma yana hana shi samun ko darasi ɗaya. Duk ranar da ya zagaye hanyar da aka tare shi, yana samun sauƙi nan take, sai amigdala ta rubuta cewa zagayewar ce ta cece shi. Da haka da'irar ke faɗaɗa. Yau titi ɗaya, gobe unguwar gaba ɗaya, jibi duk wani taron jama'a, har ya daina zuwa ɗaurin aure.

Ƙwaya ma gudu ce ta wata hanya. Matashin da ya gano cewa tiramadol, kodin ko wiwi na sa shi barci ba mafarki, ya samu sauƙin dare ɗaya ya sayi ciwo na biyu. Haka diazepam da danginsa da ake karɓa a kyamis ba takardar likita: suna kwantar da jiki na 'yan sa'o'i, amma jiki na sabawa da su, kuma ba sa warkar da ciwon. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da su don rage firgici ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne tilasta wa mutum ya ba da labarin dalla-dalla a kwanakin farko, kowane mai zuwa jaje a maimaita masa. Bincike bai nuna amfanin haka ba. Abin da ya nuna shi ne rashin samun goyon bayan mutane bayan faruwar abu yana cikin manyan abubuwan da ke sa ciwon ya kafu. Zama kusa da shi, kai masa abinci, riƙe masa shago na kwana biyu, sun fi tambaya amfani. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna kwantar wa mutane da yawa hankali, kuma ba sa karo da magani. Abin da ke cutarwa shi ne duka, ɗauri ko turare mai shaƙe numfashi da sunan fitar da iska, domin ga jikin da ke zaune cikin firgici, wannan sabon hari ne.

Yadda ake magance shi

Maganin da ya fi ƙarfin hujja na zama da ƙwararre ne, yawanci zama 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako, kowanne minti 60 zuwa 90. A tsarin da Edna Foa ta tsara, majiyyaci da mai ba da magani suna jera abubuwan da yake gudu, kowanne a ba shi maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoron da yake tayarwa. Ana farawa da na wajen 40 ko 50, ba na 100 ba. Ɗan kasuwar nan zai iya farawa da tsayawa daga nesa yana kallon hasumiyar masallacin tare da ƙaninsa, minti 30 zuwa 45, ko har makin tsoron ya ragu da rabi, kuma ya maimaita kullum. Sannan harabar masallaci ranar da ba Juma'a ba. Sannan sahun baya kusa da ƙofa. Inda aka fi samun matsala shi ne barin wurin lokacin da tsoro ke ƙololuwa, ko tsallake matakai saboda gaggawa, ko shan ƙwaya kafin a je, domin a nan ƙwaƙwalwa za ta ce ƙwayar ce ta yi aiki. A ɗakin magani kuma yana ba da labarin da bakinsa, daga farko har ƙarshe, sau da yawa, har gutsattsarin su haɗu su zama labari mai kwanan wata. A makonni biyu ko uku na farko wasu kan ji kamar abin ya ƙaru. Wajibi ne a gaya wa majiyyaci da iyalinsa haka tun farko, don a nan ne mutane ke daina zuwa.

Akwai tsari mai zama 12 da ke mai da hankali kan tunanin da ya maƙale, irin "da ban aike shi ba da yana raye". Akwai kuma EMDR, wanda Francine Shapiro ta ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke tuna abin yana bin motsin yatsan mai magani da ido.

Ta fuskar ƙwayoyi, sertraline da paroxetine ne aka fi amfani da su, sai venlafaxine. Ba sa aiki nan take: sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a fara ganin canji, kuma kwanakin farko na iya zuwa da tashin zuciya ko ƙarin rashin natsuwa. Ba a daina su rana ɗaya, a hankali likita ke ragewa. Mai shan tiramadol dole ya faɗa wa likita gaskiya, domin haɗuwarsa da waɗannan magunguna na iya jawo jijjiga da zazzaɓi mai haɗari. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Likitocin wannan fanni 'yan ɗaruruwa ne kacal a duk Nijeriya, don haka yana da kyau mai zuwa ya tambaya kai tsaye ko akwai wanda aka horar kan maganin zama na masu firgici, kada a tsaya a ƙwaya kaɗai. Wanda ya fara maganar gara mutuwa, ko yake barazana ga iyalinsa, ba a jira ranar ganin likita, a ranar ake kai shi.

Idan abin ya taso wa mutum a gabanka, kada ka rungume shi ta baya ko ka girgiza shi. Tsaya inda zai gan ka, ka kira sunansa da murya ƙasa-ƙasa, ka faɗa masa inda yake da ranar da ake ciki: "Yaya, kana shago, yau Talata, ga ni nan." Aikin magatakarda kake yi masa. Ka sa ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa sosai, ya ambaci abu biyar da yake gani, ka ba shi ruwan sanyi ya riƙe ko ya shafa a fuska. Sannan numfashi: ya ja yana ƙirga huɗu, ya fitar yana ƙirga shida, na tsawon minti uku zuwa biyar. Fitar da numfashi a hankali ne ke taɓa jijiyar da ke rage gudun zuciya, shi ya sa fitarwar ta fi jan numfashin tsawo.

Ko bayan an samu sauƙi, akwai lokutan da ciwon kan leƙo: zagayowar ranar da abin ya faru, rasuwa a dangi, ko lokacin bukukuwa da yara ke fasa abin wasa mai ƙara a lungu. A Kano akwai kuma hawan Sallah, inda 'yan bindiga ke harba bindigogin gargajiya. Ƙarar da mutum ya san tana tafe ba ta kaɗa shi kamar wadda ta zo ba zato, don haka iyali su zauna da shi kwana biyu kafin hawa, a san ta wace hanya za a bi da kuma kusan ƙarfe nawa, a zaɓi wanda zai kasance tare da shi. In yana cikin magani, ya tattauna da mai ba shi magani ko bana daga soron gida zai saurara, ko ya kai matakin fita bakin titi.